Hoton Zuci: Tsakanin Zulumi da Neman Mafita



Ya ɗan'uwa mai karatu, idan ka lura da kyau za ka ga cewa damuwa ba ta cika zuwa wa mutum da kalmomi ba, da hoto take zuwa. Mai bashi ba ya kwanciya yana karanta adadin kuɗin da ake binsa kamar mai bitar darasin lissafi. Abin da yake gani shi ne fuskar mai bin bashin a ƙofar gida da sassafe, da maƙwabta suna leƙowa ta katanga. Uwar da ɗanta ya yi dare a waje, kafin ya buga ƙofa ta riga ta ga mota ta kife, ta ga gadon asibiti, ta ga likkafani. Iyayenmu sun san wannan tun da daɗewa, shi ya sa suka kira shi saƙe-saƙe, suka ce wane ya kwana yana saƙa da warwara. Abin da nake son mu tattauna a yau shi ne: wannan masaƙa ta zuci da ke saƙa mana tsoro, shin za a iya sa ta saƙa abin da zai amfane mu? In za a iya, ta yaya, kuma ina iyakarta?

Mu fara da abin da masana suka tabbatar. Rufe idonka ka sawwara an yanka lemon tsami, an matsa maka ruwansa a kan harshe. Mafi yawan mutane za su ji yawu ya taru musu, alhali babu lemon a ɗakin. Dalili kuwa shi ne, sassan ƙwaƙwalwa da ke aiki yayin da mutum yake ganin abu da ido, da yawansu su ne ke aiki yayin da yake hango shi a zuci, kamar yadda binciken Stephen Kosslyn na Jami'ar Habad da abokan aikinsa ya nuna. A shekarar 2005 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Ingila, Emily Holmes da Andrew Mathews, suka karanta wa mutane labaran abubuwa marasa daɗi. Wasu aka ce su sawwara abin kamar yana faruwa a gabansu, wasu kuma aka ce su mai da hankali kan ma'anar kalmomin kawai. Waɗanda suka sawwara, fargabarsu ta fi ƙaruwa. A shekarar da ta biyo baya aka gwada da labarai masu daɗi, sai ya zama masu sawwarawa ne suka fi samun walwala. A taƙaice dai, hoto ya fi kalma saurin isa ga zuciya, ko ta alheri ko ta sharri.

Mu mutanen Kaduna ba ma bukatar a kai mu Ingila kafin mu gaskata wannan. Duk wanda ya ga rikicin watan Fabrairu na shekarar 2000, ko na watan Nuwamba na 2002, ya san yadda ƙaurin tayar da aka ƙona a bola, ko gudun da yara suka yi a lungu suna wasa, kan dawo masa da ranar gaba ɗayanta, har gabansa ya faɗi. A nan Tudun Wada na san dattawan da har yau ba sa son jin ihu da rana tsaka. Haka nan masu bincike sun lura cewa wanda ciwon damuwa ya kama, yakan yi masa wuya ya hango wani abin alheri a gabansa filla-filla. Ka tambaye shi sharrin da yake tsoro, zai zayyana maka har da launin rigar da zai sa a ranar. Ka tambaye shi alherin da yake fata, sai ya ce, "To, Allah dai Ya kyauta," ya yi shiru.

A kan wannan giɓi ne wata hanya ta jinyar zuciya ta tattaunawa ta ginu, wadda za mu iya kiranta nasiha mai fuskantar mafita. Wasu ma'aurata ne suka assasa ta, Steve de Shazer da matarsa Insoo Kim Berg, wadda asalinta mutuniyar Koriya ce, a cibiyar da suka kafa tare da abokan aikinsu a birnin Milwoki na ƙasar Amurka a shekarar 1978. Sun shafe shekaru suna sauraro da kallon yadda zaman nasiha yake gudana, suna neman gano wace tambaya ce take motsa mutum. Abin da suka fahimta shi ne, yawan tonon asalin matsala ba koyaushe yake kai mutum ga mafita ba, kuma sau da yawa mai matsalar yana da ɗan wani abu a hannunsa da yake masa aiki, sai dai bai lura da shi ba. De Shazer ya rasu a 2005, Berg kuma a 2007, amma hanyar ta yaɗu a makarantu da asibitoci da ofisoshin kula da jin daɗin jama'a a ƙasashe da dama.

Kayan aikinsu guda uku ne suka fi shahara. Na farko, wata tambaya da aka ce ta samo asali daga bakin wata mata da ta zo wurin Berg cikin matsananciyar damuwa, ta ce ita kam sai dai wani abin al'ajabi ne zai fitar da ita. Maimakon a yi mata musu, sai aka ce ta bayyana yadda rayuwarta za ta kasance idan abin ya faru, sai ga shi ta fara zayyana abubuwan da kusan dukkansu tana iya yi. Daga nan suka tsara tambayar: a ƙaddara kana barci matsalar ta gushe ba ka sani ba, da safe mene ne abu na farko da zai nuna maka cewa ta gushe? Na biyu, neman togaciya, wato lokutan da matsalar ta yi sauƙi ko da na sa'a guda ne, da abin da mutum ya yi a lokacin. Na uku, ma'auni daga sifiri zuwa 10: yau kana kan nawa, me ya hana ka faɗawa ƙasa da haka, kuma mataki guda na gaba yaya kamanninsa yake?

Su can suna kiranta tambayar mu'ujiza. Ni ba na amfani da wannan suna, domin a wurinmu mu'ujiza ta Annabawa ce, kuma duk dattijon da ka fara masa magana da ita ka riga ka rasa kunnensa. Ba mu ma da bukatar aro a nan, tunda kowane Musulmi ya yarda cewa Allah Yana iya yaye baƙin ciki tsakanin isha'i da asuba. Abin da muka fi rasawa shi ne tsayawa mu tambayi kanmu: idan Ya yaye ɗin, me za mu gani? Mukan roƙi sauƙi dare da rana, amma idan aka ce mu siffanta sauƙin, sai baki ya mutu. Wanda kuwa bai san kamannin baƙonsa ba, yana iya wuce shi a tasha.

Ina koyarwa a wata Islamiyya ta dare a unguwarmu, kuma kamar yadda aka sani, mai wannan aiki ba ya rasa masu kawo masa kuka. Akwai wani dattijo abokin mahaifina, makanikin injin saƙa ne da ya yi sama da shekara 20 a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, har lokacin da suka dinga rufewa ɗaya bayan ɗaya a farkon shekarun 2000. Bayan nan ya koma gyaran keken ɗinki a wajejen Kasuwar Barci, yana rufa wa kansa asiri. Da uwargidansa ta yi doguwar jinya ta rasu, ɗan abin da ya tara ya ƙare, kuɗin haya na shekara biyu suka taru a kansa, sai ya daina fita. Sallah ma a ɗaki yake yi. 'Yarsa ce ta aiko a kira ni, ta ce Baba ba ya barci, ba ya cin abinci sai an matsa.

Na same shi a zaure bayan isha'i. Da muka gaisa na tambaye shi abin da yake hana shi barci, sai ya ce, "Malam, da na rufe ido sai in ga an fito da kayana titi. Ga katifa, ga akwatin marigayiya, yara sun kewaye suna kallo. Kullum shi nake gani."

Na ce, "Baba, ina da wata tambaya, ka yi mini haƙuri da ita. A ce yau cikin dare Allah Ya yaye maka wannan nauyi kana barci, ba wanda ya sanar da kai. Da safe ta yaya za ka gane?"

Ya dube ni ya ce, "Kai da kake malami, kai ne za ka sa ni shiga gaibu?"

Na ce, "A'a Baba, ban ce ka faɗi abin da zai faru ba, wannan sai Allah. Cewa na yi ka nuna mini alamar sauƙi, don in ya zo mu gane shi."

Ya daɗe bai ce komai ba, ni ma ban katse shi ba. Can sai ya ce, "Da farko dai ladan ne zai tashe ni. Yanzu kuwa ni nake jiran ladan."

"Sai kuma me, Baba?"

"Sai in tafi masallaci da ƙafata. In na dawo in tsaya wurin mai koko."

"Wa zai fara lura a cikin gida?"

Ya ɗan murmusa, ya ce, "'Yar jikallen nan. Za ta ji na kunna rediyo."

Haka muka yi ta bi a hankali, daga rediyo zuwa wanka, daga wanka zuwa akwatin kayan aikinsa da ke ƙarƙashin gado, har ya lissafa mini abin da ke ciki: sukudireba, filaya, sifana, da 'yar kwalbar man keke. Abin da na lura da shi shi ne, a cikin duk abin da ya zayyana babu inda ya ambaci wani attajiri ya zo ya biya masa haya. Safiyar da ya hango ƙarama ce, kuma kusan dukkanta tana cikin abin da hannunsa zai iya kaiwa.

Sai na tambaye shi ko akwai ranar da wani ɓangare na wannan safiya ya taɓa faruwa a 'yan kwanakin nan. Ya ce babu. Can kuma ya ce, to, ranar Juma'ar da ta wuce wata maƙwabciya ta aiko da kan kekenta yana tsinka zare, ya duba ya ga allura ce aka ɗaura a karkace, kwarkwaron kuma ya yi datti, ya gyara. Na ce, "Lokacin da kake gyaran, ina katifar da ke titi?" Ya ce, "Wallahi ban tuna da ita ba." Da na ce ya auna kansa daga sifiri zuwa 10, ya ce yana kan 2. Na ce me ya hana ya zama sifiri? Ya ce yarinyar nan marainiya ce, in ya faɗi wa zai riƙe ta. Na ce to 3 fa, yaya take? Ya ce 3 ita ce ranar da zai iya zuwa wurin mai gidan da kansa, ya daina ɓuya in ya ji muryarsa. Abin da ke hana shi kuwa kunya ce. Sai muka tsayar da cewa zai nemi limamin unguwa ya raka shi, muka kuma zauna ya faɗi da bakinsa kalmomin da zai fara da su in sun isa.

Bayan kwana tara suka je. Mai gidan ya yarda a riƙa biya da kaɗan-kaɗan. Har yanzu akwai sauran bashi a kansa, kuma ya faɗa mini wani daren hoton yakan dawo. Amma yana zuwa masallaci, kuma da hantsi za ka same shi a ƙofar gida da akwatinsa a buɗe, teloli suna aiko masa da aiki.

Na san wani zai ce, Malam, wannan ai dogon buri ne da mafarkin ido biyu, waɗanda malamai suka yi ta gargaɗi a kansu. Wannan magana tana da tushe, kuma binciken zamani ma ya goyi bayanta. Gabriele Oettingen, Bajamushiya mai koyarwa a Jami'ar Niyok, ta bi diddigin ɗaliban da ke gab da kammala karatu, a wani bincike da aka buga a 2002. Waɗanda suka fi yawan shagala da hango kansu a cikin babban aiki, su ne suka fi ƙarancin tura takardun neman aiki, kuma bayan shekara biyu su ne suka fi ƙarancin samun tayi da ƙarancin albashi. Bayanin da ta bayar shi ne, zuciya takan ɗanɗani daɗin nasarar tun ba a same ta ba, sai kuzarin nema ya ragu. Maganin da ta kawo shi ne, bayan mutum ya hango abin da yake fata, nan take ya hango cikas ɗin da ke cikin kansa, sannan ya tsara abin da zai yi idan cikas ɗin ya taso. Kafin wannan, a 1999, Lien Pham da Shelley Taylor na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjelis sun raba ɗalibai masu shirin jarrabawa: wasu su riƙa hango kansu sun ci da maki mai yawa, wasu kuma su riƙa hango kansu zaune suna karatu, a ina, da wane lokaci. Rukuni na biyu ne suka fi yin karatun, kuma su ne suka fi cin jarrabawar.

Wannan bambanci Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111 Miladiyya, ya riga ya fayyace shi a cikin Ihya'u Ulumid Din, inda ya rarrabe tsakanin kyakkyawan fata da burin banza da misalin manomi: wanda ya gyara gona ya yi shuka ya shayar, sannan ya jira amfani, shi ne mai fata, wanda ya jira girbi a inda bai yi abin da ya kamata ba, ruɗin kai yake yi. Saboda haka sharaɗin hoton zuci mai amfani shi ne ya ƙare da ƙafa a ƙasa. Idan ka hango kanka cikin gidan bene da mota, ka tashi ka ji ɗakinka ya ƙara yi maka ƙunci, wannan saƙar ba taka ba ce. Idan kuwa ka hango gobe da safe, ka ga abu guda da za ka yi kafin azahar, to ka kama hanya. Zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Akwai kuma wani malami da ya kamata mu ƙara saninsa, Abu Zaid al-Balkhi, mutumin yankin Balkh a ƙasar Afganistan ta yau, wanda ya rasu a 934 Miladiyya. A littafinsa Masalihul Abdani wal Anfus ya yi bayanin fushi da tsoro da baƙin ciki da waswasi a matsayin cututtukan da ake yi wa magani, kamar zazzaɓi. Ya ba da shawarar mutum ya tanadi kyawawan tunane-tunane a lokacin da yake cikin natsuwa, kamar yadda ake ajiye magani a gida saboda ranar ciwo. Marigayi Farfesa Malik Badri na Sudan, wanda ya rasu a 2021, shi ne ya fassara sashen da ya shafi zuciya zuwa Turanci, aka buga a 2013. Ni a ganina safiyar da dattijon nan ya zayyana irin wannan tanadi ce: abu ne da zai iya ɗaukowa ƙarfe biyun dare, lokacin da hoton katifa ya zo.

Sai dai dole in faɗi iyakar abin, don kada a ɗora masa kayan da ba zai iya ɗauka ba. Na farko, ba kowa ne yake ganin hoto a zuci ba. Tun a 1880 Francis Galton ya lura da haka, kuma a 2015 wani likitan ƙwaƙwalwa a Ingila, Adam Zeman, ya sanya wa yanayin suna. Irin wannan mutum lafiyarsa ƙalau, sai a bi da shi ta sauti, ko ta abin da zai ji a jikinsa, ko ya lissafa da kalmomi. Na biyu, hoton zuci ba ya rage farashin mudun shinkafa, ba ya biyan haya. Wanda ka yi wa tambayar nan alhali kana da halin taimaka masa da abin hannunka, kada ka sa tambayar ta maye gurbin taimakon. Na uku, wanda ya ga tashin hankali da idonsa, kada ka matsa masa ya rufe ido, domin abin da zai fara zuwa masa yana iya fin ƙarfinku ku biyu. Ku yi magana ido a buɗe.

Na huɗu kuma shi ne mafi girma. Shi kansa al-Balkhi ya raba baƙin ciki gida biyu: mai sanannen dalili, kamar rashi ko asara, da wanda yake saukar wa mutum ba tare da wani dalili na fili ba, wanda ya danganta shi da jiki, ya ce yana bukatar magani na jiki. Idan ɗan'uwanka ya shafe makonni ba barci ba ci, ko yana jin muryoyin da ba wanda yake ji, ko ya fara cewa gara ya mutu ya huta, to abin ya wuce hira a zaure. A rana guda a yi masa addu'a, a kuma kai shi wurin likita. Muna da asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Barnawa, kuma a watan Janairun 2023 aka sanya hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tanadi kare mutuncin majinyaci. Zuwa Barnawa ba abin kunya ba ne, kamar yadda zuwa asibitin ido ba abin kunya ba ne.

Ga wanda yake son gwadawa da kansa ko da wani nasa, ga abin da na ga yana taimakawa. A zaɓi lokacin natsuwa, kamar bayan sallar asuba. A tsaya kan rana guda, wato gobe, kada a tsallaka zuwa shekara goma. A nemi abin da ido zai gani ko kunne zai ji. Idan mutum ya ce zai ji daɗi, a tambaye shi me zai yi idan ya ji daɗin, kuma wa zai fara lura. Idan ya ce zai daina kaza, a tambaye shi me zai yi a madadinsa, domin zuciya ba ta iya hango babu. Mai tambaya ya rage wa'azi, ya yawaita shiru, kada kuma ya zana wa wani safiyarsa, domin kowa ya san inda rufin ɗakinsa yake yoyo. A ƙarshe a fitar da aiki guda ƙarami, a ambaci abin da zai iya hana shi, a shirya masa, a ce in sha Allahu, a tashi. Bayan mako guda a sake zama, a fara da tambayar abin da ya ɗan gyaru, komai ƙanƙantarsa.

Allah Ya yaye wa duk mai damuwa damuwarsa, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya zaunar da garinmu da ƙasarmu lafiya. Sai mun sake haɗuwa a rubutu na gaba, in Allah Ya kai mu.